BABI NA UKU: TARIHIN GINA SHAFUKAN INTANET DA NEMAN KUƊI DA SU A DUTSIN-MA DA KURFI

3.0 Gabatarwa

A wannan babi za a bi diddigin yadda sana'ar gina shafukan intanet da neman abinci da su ta samo asali, da yadda ta iso ƙananan hukumomin Dutsin-Ma da Kurfi na Jihar Katsina. Za a dubi kayan aikin da ake gina shafi da su, da kamfanonin da suke samar da su, da kuma hanyoyin da mai shafi yake bi kafin wahalarsa ta zama kuɗi a aljihu. Abin da babin yake ƙoƙarin tabbatarwa shi ne, a tsawon wannan tarihi gina shafi ya yi ta ƙara sauƙi da araha har ya zama ɗan makaranta mai wayar hannu yana iya yin sa, amma samun kuɗi da shafin ya ci gaba da rataya ga abubuwa uku waɗanda ba sa hannun mai shafi. Waɗannan abubuwa kuwa su ne harshen da aka rubuta shafin da shi, da dalar Amurka, da kuma layin sadarwa.

Kafin a shiga cikin bayani, ya kamata a san cewa kowane shafin intanet yana buƙatar abubuwa uku. Na farko shi ne suna, wato adireshin da ake rubutawa a kai ga shafin. Na biyu shi ne masauki, wato gurbin da ake haya a cikin wata babbar kwamfuta wadda ba a kashe ta dare da rana, inda ake ajiye rubutu da hotunan shafin. Na uku kuwa ita ce manhajar da ake tsara shafin da ita. Idan aka kwatanta da kasuwa, suna tamkar lambar rumfa ne, masauki shi ne filin da aka kama haya, manhaja kuma ita ce kara da itacen da aka kafa rumfar da su.

3.1 Dutsin-Ma da Kurfi Kafin Zuwan Intanet

Garin Dutsin-Ma yana kudu da birnin Katsina da tazarar kilomita 60 ko kusa da haka, shi kuwa Kurfi yana tsakani, a kan hanyar da ta taso daga Katsina ta bi ta Dutsin-Ma ta nufi Ƙanƙara. Hakimin Dutsin-Ma shi ne yake riƙe da sarautar 'Yanɗakan Katsina, na Kurfi kuma sarautar Maraɗin Katsina. An kafa Ƙaramar Hukumar Dutsin-Ma a shekarar 1976, tun yankin yana cikin tsohuwar Jihar Kaduna, kafin a ƙirƙiro Jihar Katsina a ranar 23 ga Satumba, 1987. Ƙidayar shekarar 2006 ta nuna akwai mutane kimanin 170,000 a Ƙaramar Hukumar Dutsin-Ma, da kimanin 117,000 a ta Kurfi. Noma da kiwo da fatauci su ne manyan sana'o'in jama'a, sannan madatsar ruwa ta Zoɓe, wadda aka kammala a 1983, ta buɗe ƙofar noman rani da kamun kifi.

Talla ba baƙuwar aba ba ce a wannan yanki. Tun kafin zuwan Turawa akwai sanƙira mai shelar sarki, akwai maroƙa masu yayata sunan mai abu, akwai 'yan talla masu zagaya gida-gida, akwai kuma dillalai masu haɗa mai saye da mai sayarwa su karɓi la'ada. Kasuwar Dutsin-Ma da take ci ranar Laraba dandali ce ta duk waɗannan. Da boko ya shigo, sai jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939 da Abubakar Imam a matsayin edita, ta nuna wa Bahaushe cewa ana iya sayar da fili a takarda ga mai son tallata hajarsa. Daga baya gidajen rediyo na Kaduna da Katsina suka riƙa sayar da lokaci. Abin lura a nan shi ne, a duk waɗannan hanyoyi mai talla da mai sauraro harshensu ɗaya, kuɗinsu ɗaya, kuma sau da yawa sun san juna. Wannan shi ne abin da ya canja da zuwan intanet.

3.2 Asalin Shafin Intanet da Kayan Gina Shi

Wani masani ɗan ƙasar Ingila mai suna Tim Berners-Lee shi ne ya ƙirƙiro tsarin shafukan intanet a shekarar 1989, lokacin yana aiki a cibiyar binciken kimiyya ta CERN da ke kusa da birnin Janeba na ƙasar Suwizalan. Shafin farko ya bayyana ga jama'a a 1991, sannan a watan Afrilu na 1993 cibiyar ta saki fasahar kyauta ga duniya. A wancan lokaci ba mai iya gina shafi sai wanda ya ƙware a harshen kwamfuta da ake kira HTML, domin kowane layi da hannu ake rubuta shi.

Sannu a hankali sai aka fara samun kamfanoni masu sauƙaƙa aikin. GeoCities ya fara ba mutane masauki kyauta a tsakiyar shekarun 1990. Blogger ya fito a 1999, kamfanin Google kuma ya saye shi a 2003. A wannan shekara ta 2003 ce Matt Mullenweg da Mike Little suka fitar da manhajar WordPress, wadda kowa yake iya ɗauka kyauta ya gyara yadda yake so, kuma daga baya ta zama ita ce take riƙe da fiye da kashi 40 cikin ɗari na shafukan duniya. Joomla ta biyo baya a 2005, Wix kuma a 2006. Da waɗannan kayan aiki, mutum yana iya zaɓar sigar shafi da aka riga aka zana, ya sa sunansa da hotunansa, ya fara wallafa rubutu a yini guda.

Ta fuskar neman kuɗi kuwa, a watan Oktoba na 1994 ne mujallar HotWired ta Amurka ta fara sayar da filin talla a saman shafinta. A 1996 kamfanin Amazon ya fito da tsarin biyan la'ada ga duk mai shafin da ya turo masa mai saye. Amma babban sauyi ya zo ne a 2003 da Google ya buɗe tsarin AdSense, wanda ya ba ƙaramin mai shafi damar karɓar tallace-tallace ba tare da ya je neman masu talla da ƙafarsa ba. Wato Google ya zama dillali tsakanin miliyoyin masu talla da miliyoyin masu shafuka.

3.3 Shigowar Intanet Nijeriya

An kafa Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, wato NCC, a shekarar 1992. A 1995 aka keɓe wa Nijeriya alamar ƙarshen adireshi ta ".ng", a 1996 kuma hukumar ta fara ba kamfanoni lasisin sayar da intanet. To amma duk wannan a manyan birane ya tsaya, musamman Legas, saboda a lokacin ta layin tarho na NITEL ake shiga intanet, kuma layukan da suke aiki a duk faɗin ƙasar ba su wuce kimanin 400,000 ba. Mutumin Kurfi ko Dutsin-Ma da yake son aika saƙo a waɗannan shekaru, gidan waya ko direban mota a tasha su ne madogararsa.

Al'amari ya fara juyawa ne a watan Janairu na 2001, lokacin da gwamnatin Olusegun Obasanjo ta yi gwanjon lasisin wayar salula a kan dala miliyan 285 kowane ɗaya. Kamfanonin Econet da MTN suka fara aiki a watan Agusta na shekarar, Globacom kuma ya shigo a 2003. Da farko layi ɗaya yakan kai naira 20,000, kira kuma naira 50 a minti, amma gasa ta karya farashi, turakun sadarwa suka bazu daga manyan birane zuwa hedikwatocin ƙananan hukumomi irin su Dutsin-Ma da Kurfi. A 2005 aka kafa ƙungiyar NiRA domin kula da rajistar sunaye masu ƙarewa da ".ng". A 2007 aka ba da lasisin 3G, sannan a 2010 manyan wayoyin ƙarƙashin teku na MainOne da Glo-1 suka fara aiki a Legas, abin da ya rage tsadar data ƙwarai.

Wani abin da ya kamata a lura da shi shi ne, mafi yawan matasan Arewa ba ta kwamfuta suka fara sanin intanet ba, ta ƙananan wayoyin Nokia ne masu ɗauke da manhajar Opera Mini. Saboda haka kayan gini na farko da suka karɓu a hannunsu su ne irin su Wapka da XtGem, waɗanda ake iya gina ɗan ƙaramin shafi da su a kan waya ba tare da biyan ko kwabo ba. A irin waɗannan shafuka aka fara tara waƙoƙin fina-finan Hausa da wa'azozi da littattafan hikaya. Zuwan wayoyin Android masu araha, irin su Tecno da Itel da Infinix, shi ya sa aka koma Blogger da WordPress.

Haruffan Hausa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, su ma sun daɗe suna ba da wahala. A shekarun 1990 Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ta Kano ya ƙera haruffan kwamfuta masu suna Rabi'at da Abdalla domin buga Hausa daidai. Sai dai a shafin intanet irin waɗannan haruffa ba sa fitowa sai a kwamfutar da aka sa mata su. Yaɗuwar tsarin Unicode da allunan rubutu na waya su suka warware matsalar, ko da yake al'adar rubuta Hausa ba lanƙwasa ta riga ta zauna wa mutane da yawa.

3.4 Manyan Makarantu da Zamanin Kafe

Babu abin da ya kawo harkar kwamfuta Dutsin-Ma kamar manyan makarantu. Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, wadda aka kafa a 1991, ita ta fara jawo masu buga takardu da masu hoton takarda. Daga nan sai Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, ɗaya daga cikin jami'o'i tara da gwamnatin Goodluck Jonathan ta kafa a 2011, da Farfesa James Ayatse a matsayin shugabanta na farko. Jami'ar ta zo da shafinta mai ƙarewa da ".edu.ng", kuma ta nan ne ake neman gurbin karatu, da yin rajista, da biyan kuɗin makaranta.

Haka zalika hukumomin gwamnati suka yi ta mayar da ayyukansu intanet. Hukumar JAMB ta fara jarrabawa a kwamfuta a 2013, ta kuma daina ta takarda gaba ɗaya a 2015. Hukumar yi wa ƙasa hidima ta fara rajista ta intanet a 2014. A 2015 gwamnatin Muhammadu Buhari ta tilasta amfani da asusun bai-ɗaya, wanda ya sa biyan kuɗin hukumomin tarayya ya koma ta Remita. A 2016 kuma aka buɗe neman aikin N-Power ta intanet. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya tura ɗaruruwan mutane daga ƙauyukan yankin zuwa shagunan kwamfuta da ake kira kafe.

Saboda haka kuɗin farko da intanet ta kawo wa matasan Dutsin-Ma da Kurfi ba daga shafukan kansu ya fito ba, daga cike wa mutane fom a shafukan hukumomi ya fito. Amma a cikin waɗannan shaguna ne yara masu koyon aiki suka fara sanin yadda shafi yake aiki, wasu daga cikinsu kuma suka fara tunanin gina nasu. Wannan sana'a tana da rauni guda, domin ta dogara ne ga zaman ɗalibai. Yajin aikin malaman jami'a na watanni tara a 2020, wanda ya haɗu da kullen cutar korona, da kuma na watanni takwas a 2022, duk sun bar masu kafe da kuɗin haya ba ciniki.

3.5 Hanyoyin Samun Kuɗi da Shafi

3.5.1 Tallar Google da Matsalar Harshe

Hanyar da ta fi jan hankalin matasa ita ce AdSense. Mai shafi yakan nemi izini, idan Google ya duba ya amince sai ya riƙa sa tallace-tallace a gefen rubutunsa. Shekaru da dama kason mai shafi kashi 68 cikin ɗari ne na abin da mai talla ya biya, kuma yawanci sai mai karatu ya latsa tallar ake lissafa masa. Daga farkon 2024 Google ya koma biya bisa yawan ganin talla. Idan kuɗin mutum ya kai dala 10 akan aiko masa da lambar sirri a takarda ta gidan waya domin a tabbatar da adireshinsa, ba a kuma tura masa ko sisi sai abin da ya tara ya kai dala 100. Wannan sharaɗi na takarda ba ƙaramin cikas ba ne a garuruwan da yawancin gidaje da sunan unguwa da na mai gida ake kwatanta su, ba da lamba ba.

To amma babban cikas shi ne harshe. Google yana da jerin harsuna arba'in da 'yan kai waɗanda ya yarda a sa tallarsa a shafukan da aka rubuta da su. Akwai Larabci da Hindi da Urdu da Bangali a ciki, amma daga 2003 har zuwa 2025 Hausa ba ta samu shiga ba, duk da cewa kamfanin ya sa ta a cikin manhajarsa ta fassara tun watan Disamba na 2013, Facebook kuma ya fara aiki da ita a 2016. Ke nan wanda ya rubuta shafinsa da Hausa zalla, ko da masu karatunsa sun kai dubbai, ƙa'idar kamfanin ba ta ba shi damar cin moriyar tallar ba. Wannan ya sa masu shafuka da dama a Arewa suka koma rubutu da Ingilishi, ko kuma su gauraya, a ga waƙa ta Hausa ce amma bayaninta da Turanci. Illar wannan ga harshen Hausa a fili take, domin kasuwa tana saka wa wanda ya bar harshensa, tana hana wanda ya riƙe shi. Daɗin daɗawa, farashin talla ya danganta ne da ƙarfin aljihun masu karatu, don haka mai karatu daga Amurka ko Ingila ya fi mai karatu daga Katsina kawo kuɗi nesa ba kusa ba.

3.5.2 La'ada da Tallar Kai Tsaye

Hanya ta biyu ita ce la'ada, wadda ba ta da bambanci da dillancin kasuwar Laraba sai na wuri. Bayan kafa shagunan intanet na Jumia da Konga a 2012, sun riƙa biyan kamasho ga masu shafukan da suka turo musu masu saye. Sai dai wannan ya fi amfanar mazauna manyan birane, inda kai kaya har gida ya fi sauƙi.

Hanya ta uku ita ce tallar kai tsaye, inda mai shafi yake zuwa da kansa wurin mai makarantar kuɗi, ko mai shagon waya, ko ɗan siyasa, su yi ciniki da naira. Wannan hanya ba ruwanta da sharaɗin harshe, kuma ita ce ta fi kusa da tsohon tsarin sanƙira da maroƙi. Amma tana da nata haɗarin, musamman ga shafukan labarai, domin wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Shafin da ɗan siyasa yake ɗaukar nauyinsa da wuya ya faɗi laifinsa, kuma cinikin yakan yi ƙarfi ne a kakar zaɓe ya mutu bayanta.

3.5.3 Sayar da Kaya da Gina wa Wasu

Hanya ta huɗu ita ce mai shafi ya sayar da hajarsa ko iliminsa. Wannan bai yiwu ba sai da hanyoyin biyan kuɗi na cikin gida suka kafu. An kafa Interswitch a 2002, tura kuɗi nan take tsakanin bankuna ya fara a 2011, lambar BVN ta zo a 2014. A 2015 Shola Akinlade da Ezra Olubi suka kafa Paystack, wanda ya ba ƙaramin ɗan kasuwa damar karɓar kuɗi a shafinsa a cire masa kimanin kashi ɗaya da rabi cikin ɗari. Flutterwave ya biyo baya a 2016, sannan a 2020 kamfanin Stripe na Amurka ya sayi Paystack a kan fiye da dala miliyan 200. Ƙarancin takardun kuɗi da ya biyo bayan canjin fasalin naira a farkon 2023 ya tilasta wa hatta masu hatsi da mahauta buɗe asusu a OPay da Moniepoint da makamantansu. Ta haka jama'ar karkara suka saba da tiransifa, kuma shafukan sayar da data da katin waya suka samu kasuwa. Akwai kuma masu gina wa makarantu da ƙungiyoyi da 'yan kasuwa shafi a biya su ladan aiki, kamar yadda ake biyan magini.

3.6 Matsalar Dala

Yawancin kamfanonin da suke sayar da suna da masauki na ƙasashen waje ne, da dala kuma suke karɓar kuɗi. Hatta na cikin gida, irin su Whogohost wanda ya koma GO54 a 2024, farashinsu yakan bi dala saboda yawancin na'urori da lasisin da suke aiki da su daga waje suke. Idan aka ɗauka cewa suna da masauki na shekara guda za su ci dala 100, a farashin gwamnati na 2015 wannan bai wuce naira 20,000 ba. A watan Mayu na 2023 ya kai kimanin naira 46,000. Bayan da gwamnatin Bola Ahmed Tinubu ta saki farashin naira a watan Yuni na 2023, zuwa Fabrairu na 2024 wannan dala 100 ta haura naira 150,000. Shi kuwa suna haya ce ta shekara-shekara, wanda ya kasa sabuntawa shafinsa yakan ɓace, wani ma ya iya saye sunan.

Ba tsada kaɗai ba, hanyar biyan ma ta taɓa toshewa. Lokacin da PayPal ya shigo Nijeriya a 2014, damar biya kawai ya ba 'yan ƙasa, ban da karɓa. A 2022 bankuna da dama suka rage abin da ake iya kashewa a waje da katin naira zuwa dala 20 a wata, daga baya wasu suka dakatar gaba ɗaya, ba su kuma dawo da shi ba sai a tsakiyar 2025. A nan ne bambancin da aka ambata a sama ya ƙara fitowa. Mai shafin Ingilishi da Google yake biya da dala, faɗuwar naira riba ce a gare shi. Mai shafin Hausa kuwa da naira yake samu, da dala yake biya.

3.7 Katse Layukan Sadarwa na Shekarar 2021

Babu abin da ya nuna raunin wannan sana'a a yankin kamar abin da ya faru a 2021. Saboda ta'azzarar hare-haren 'yan bindiga da satar mutane, a ƙarshen watan Agusta gwamnatin Aminu Bello Masari ta kafa dokar tsaro wadda ta rufe wasu hanyoyi, ta taƙaita cinikin dabbobi, ta kuma hana sayar da man fetur a jarka. A watan Satumba, kwanaki kaɗan bayan an yi haka a Jihar Zamfara, aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, cikinsu har da Dutsin-Ma da Kurfi da maƙwabtansu Safana da Batsari da Ɗanmusa. Manufar ita ce a hana 'yan bindiga magana da masu kai musu rahoto. Ba a mayar da layukan Dutsin-Ma da Kurfi ba sai a watan Disamba.

A cikin waɗannan watanni uku, shafin da aka gina yana nan a masaukinsa a Turai ko Amurka, duniya tana ganinsa, amma mai shi da yake zaune a Dutsin-Ma ba ya iya buɗe shi balle ya sa sabon abu. Masu karatunsa na gida su ma sun yanke. Masu POS da masu kafe da masu sayar da data duk aikinsu ya tsaya, wanda yake da larura sai ya hau mota ya nufi Katsina ko wani garin da yake da sabis. Hana sayar da mai a jarka kuma ya shafi masu janareto, alhali wutar KEDCO ba abin dogaro ba ce. Kuɗin haya na suna da masauki kuwa bai tsaya ba. Wannan ya tabbatar da cewa jarin mai shafi na gaskiya ba kwamfutarsa ba ce, zaman lafiyar garinsa ne.

3.8 Komawa ga Bidiyo

A shekarun baya-bayan nan matasa da dama sun bar gina shafin kansu sun koma dandalin manyan kamfanoni. Dalili kuwa shi ne YouTube yana sa talla a bidiyon Hausa, matuƙar tasha ta cika sharaɗin da aka gindaya a 2018, wato mabiya 1,000 da sa'o'in kallo 4,000 a shekara. Nasarar shirin Izzar So, wanda Lawan Ahmad ya fara saki a tashar Bakori TV a 2020, ta nuna wa matasan Jihar Katsina cewa ana iya samun kuɗi da Hausa zalla. A 2024 kamfanin Meta shi ma ya buɗe wa 'yan Nijeriya damar samun kuɗin talla a Facebook. Ƙananan 'yan kasuwa kuwa, musamman mata masu sayar da turare da atamfa da kayan ƙwalam daga cikin gida, WhatsApp ya wadatar da su.

Sai dai Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara. Mai tasha a dandalin wani ba shi da iko da ita, ana iya rufe ta ko a canja ƙa'idar biya ba tare da an shawarce shi ba. Rufe GeoCities a 2009, wanda ya tafi da miliyoyin shafuka, da dakatar da Twitter da gwamnatin Nijeriya ta yi daga Yuni na 2021 zuwa Janairu na 2022, duk misalai ne na haka. Bugu da ƙari, komawa ga bidiyo yana nufin magana tana ƙaruwa, rubutacciyar Hausa kuma ba ta samun mai biya.

3.9 Kammalawa

A wannan babi an ga yadda shafin intanet ya faro daga Turai a 1989, da yadda kayan gina shi suka yi ta sauƙi, da yadda wayar salula da manyan makarantu suka kawo shi Dutsin-Ma da Kurfi. An kuma ga cewa hanyoyin da suka fi kawo wa mutanen yankin kuɗi su ne waɗanda suka yi kama da sana'o'insu na asali, wato aikin lada, da dillanci, da saye da sayarwa da naira tsakanin mutanen da suka san juna. Tallar kamfanonin waje kuwa, wadda ita ce ta fi ɗaukar hankali, ta zo da sharaɗin harshe da ya ware Hausa, da lissafin dala da ya fi ƙarfin mai samu da naira, sannan dukkansu sun dogara ga layin sadarwa wanda matsalar tsaro ta taɓa katsewa na tsawon wata uku. Bisa ga wannan, ana iya cewa makomar rubutacciyar Hausa a intanet ba ta tsaya ga koya wa matasa gina shafi ba, domin wannan sun riga sun iya. Ta dogara ne ga samuwar masu talla na gida da za su biya da naira, da shigar Hausa cikin jerin harsunan da manyan dillalan talla suka amince da su, da kuma dawowar zaman lafiya a yankin.